Katanga tsakanin yatsa da aljihu: yadda za ka riƙe kanka a gaban cacar waya

A da, wanda zai yanki tikitin bet a Bauchi sai ya tashi ya taka zuwa shago a Yelwa ko Gwallameji, ya waiga hagu da dama kada ɗan unguwarsu ya hango shi, sannan ya zaro kuɗi ya ƙirga da hannunsa. Tafiyar nan birki ce. Kunyar ma birki ce, haka ƙirgar, haka rufe shagon da ake yi idan dare ya yi. Waya ta zo ta kwance su gaba ɗaya. Yanzu mutum yana kwance a kan katifa ƙarfe biyun dare, ya dangwala yatsa sau uku, dubu biyar ta bar Opay ta shiga SportyBet ko Bet9ja, ba wanda ya gani, shi kansa bai ji nauyinta a hannu ba. Lokacin da Hisbar Kano ta rufe shagunan bet a shekarar 2024, ƙofar shago ta rufe, amma ta aljihu tana nan a buɗe.

Hukuncin caca ba ɓoyayye ba ne a wurin Musulmi. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta ambace ta, sannan aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida suka haramta ta, suka kuma faɗi abin da take haifarwa: gaba, ƙiyayya, da shagala daga ambaton Allah da salla. Fastoci ma ba sa yabon ta. To amma yawancin masu bugawa sun san wannan sarai, sun kuma sha rantsuwa cewa sun daina, ranar Asabar ta zo su koma. Abin da ya gaza ba sani ba ne. Niyya ce ake ƙullawa da safe lokacin da kai yake a sanyaye, a ce kuma ta tsaya ita kaɗai da daddare lokacin da jini ya hau. Ba za ta iya ba. Abin da ke aiki shi ne ka mayar da birkin nan da waya ta kwance, ka mayar da su tun da rana, ta yadda ko ka so karya su da daddare sai ka sha wuya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Inda aka dosa shi ne bari gaba ɗaya, kuma matakan da ke ƙasa su ne dai hanyar, ko ka shirya bari yau ko ba ka shirya ba tukuna.

Fara da lissafin kamfani

Kafin komai, ka san da wa kake karawa. Ɗauki wasan da sakamakonsa biyu ne kawai, kowanne an ba shi od 1.90, wato adadin da za a ninka kuɗinka da shi idan ka ci. Mutum biyu suka sa dubu ɗai-ɗai, wannan a nan, wancan a can. Kamfani ya karɓi 2,000, zai biya wanda ya ci 1,900, ya riƙe 100. Ko wa ya ci, 100 ɗin nan tasa ce. Kashi 5 cikin 100 ke nan na duk abin da aka zuba, kuma ba sa'a ce ta ba shi ba, a cikin od ɗin aka gina ta.

Dogon tikiti, wanda samari suka fi so saboda ɗari biyu tana iya nuna maka dubu ɗari, shi ne inda rabon kamfani yake kumbura. Kashi 5 ɗin nan ba sau ɗaya ake cire shi ba, a kowane wasa ake cirewa. Idan ka jera wasa 10, abin da ya rage na darajar kuɗinka kusan kashi 60 ne, 40 sun tafi tun kafin alƙalin wasa ya hura usur. Ga shi a fili: wasa 10, kowanne od 1.50, ka sa 1,000. Allo zai nuna maka kusan 57,600. Amma damar dukansu su shigo kusan ɗaya ce cikin 100. Sai ka yanki irin wannan tikiti sau ɗari, ka kashe 100,000, kafin a lissafi ka ci 57,600 sau ɗaya.

Ga kuma abin da ya fi cin mutane: "wasa ɗaya ne ya yanke min." A wannan tikitin dai, damar a ce tara sun shigo ɗaya ya yanke ta kai kusan 6 cikin 100, wato ya ninka damar ci sau shida. Saboda haka tikitin da wasa ɗaya ya ɓata ba alama ce ta cewa ka kusa ba. Haka lissafin yake fitowa, kuma kowa a gidan kallo yana da irin labarin. Ƙwaƙwalwa ce ke ɗaukar saura ƙiris tamkar rabin nasara, ta tura ka ka sake.

Wasannin da ba sa jiran ƙwallon gaske sun fi haɗari: Aviator mai jirgin nan da ke tashi ya ɓace, ƙwallon kwamfuta da ake kira bebi, da masu juya faifai. Masu Aviator da kansu sun ce yana mayar da kashi 97 cikin 100 na abin da aka zuba. Sai mutum ya ce ai kashi 3 ba komai ba ne. Kuskuren shi ne ba a kan abin da ka tura ake cire kashi 3 ba, a kan abin da ka juya ne. Ka tura 5,000, kana sa 500 a kowane zagaye, kana ci kana faɗuwa kana mayarwa. Cikin awa guda za ka iya yin zagaye 100, ka juya 50,000. Kashi 3 na wannan 1,500 ne, kusan sulusin kuɗinka, a awa ɗaya, kuma wannan matsakaicin lissafi ne kawai. Tikitin ƙwallo yana sa ka jira minti 90. Jirgi ba ya ba ka ko minti ɗaya ka yi tunani. Idan abu ɗaya kawai za ka iya yankewa a wannan makon, to waɗannan masu saurin za ka fara yankewa.

Raba kuɗi da waya

Wannan shi ne babban aikin, sauran duk taimako ne. Muddin asusun da albashinka ko cinikinka yake shiga yana cikin wayar da kake caca da ita, ba ka da katanga.

Ranar da kuɗi ya shigo, kafin ka buɗe komai, ka fitar da na wajibi su bar hannunka: ka auno masara da shinkafa a kasuwar Muda Lawal a kai gida, ka ba uwargida kuɗin cefane na wata a hannu, ka zuba adashi, ka biya kuɗin makaranta da na haya ko da lokacinsu bai yi ba. Buhun masara ba ya shiga Aviator. Ɗan Keke Napep ko ɗan acaɓa da ke samun kuɗi kullum, ya ware balas ɗin mai abin hawa da kuɗin mai tun kafin la'asar, ya miƙa su da hannu. Masu sana'ar POS su ne suka fi kowa zama a bakin rami, domin jarin yana cikin na'urar da ke hannunsu dare da rana, sau da yawa kuma jarin ba nasu ba ne. Mai POS da ya san yana bugawa ya riƙa rufe lissafi da mai jari kowace yamma, ba ƙarshen mako ba.

Sannan ka bi waɗannan a cikin wayar, a zama ɗaya:

Ka goge katin ATM da ka adana a shafin bet. Ka kashe biya da zanen yatsa ko da fuska a Opay, PalmPay, Moniepoint ko Kuda, domin wasu daga cikin manhajojin nan suna da maɓallin tura kuɗi kai tsaye zuwa kamfanonin bet, abin da ke raba ka da shi sakan biyu ne. Ka rage iyakar abin da za ka iya turawa a rana zuwa abin da harkarka take bukata da gaske. Ka cire manhajar babban bankinka daga wayar, ka je reshe ka ce a rufe maka USSD na wannan asusun, wato lambar da ake dannawa a waya a tura kuɗi, katin kuma ya zauna a gida wurin wanda ka amince da shi. Idan cire kuɗi ya koma sai ka hau Keke zuwa banki ka bi layi, rabin cacar dare ta mutu.

Wanda ya ce shi bai shirya bari ba, iyaka kawai yake so, to ya ji ma'aunin da masana a Kanada suka fitar a 2021 bayan nazarin bayanai daga ƙasashe da dama: kada abin da mutum yake sawa ya wuce kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gidansa, kada ya wuce kwana 4 a wata, kada ya riƙa buga fiye da nau'i biyu. A kan mafi ƙarancin albashi na 70,000, kashi 1 naira 700 ce. A wata, ba a rana ba. Duk wanda ya ji wannan adadi ya yi dariya, ya riga ya san inda yake tsaye.

Manyan shafuka da yawa suna da wurin sa iyakar abin da za ka iya turawa a rana, a mako ko a wata, galibi a ɓoye can cikin saitin asusu. Ka sa ta wata. Ta rana yaudara ce, domin 2,000 a rana 60,000 ce a wata. Amma kada ka dogara da ita kaɗai: iyakar shafi ɗaya ba ta bin ka zuwa wani shafin, kuma buɗe sabon asusu ba ya cin minti biyar.

Bin abin da ya faɗi

Ba tikitin farko ke rusa mutum ba, na ramuwa ne. An cinye maka 2,000 a wasan ƙarfe uku, ka sa 4,000 a na yamma don ka dawo da ita, ka sa 8,000 a na dare, ƙwallon Turai ta ƙare ka koma bebi. A nan ne garin neman gira ake rasa ido.

Akwai masu koyar da wannan a matsayin dabara: duk lokacin da ka faɗi ka ninka, ranar da ka ci za ka mayar da komai har da riba. Bi lissafin da kanka. Ka fara da 500, sai 1,000, 2,000, 4,000, 8,000, 16,000, 32,000. Faɗuwa bakwai a jere, 63,500 ta tafi, na takwas yana neman 64,000, duk don ribar 500. Faɗuwa bakwai a jere a wasan da yake rabi da rabi tana zuwa sau ɗaya cikin 128, wanda kuma yake buga zagaye ɗari a dare zai gamu da ita ba da jimawa ba. Jirgin ba ya tuna cewa ya faɗi da wuri sau biyar, babu wani bashi da kake bin sa.

Dokar da ke maganin wannan gajeriya ce: ba a tura kuɗi sau biyu a rana ɗaya. Abin da ya tafi ka rubuta shi a matsayin kashewa, kamar kuɗin da ka sha shayi da shi, ba bashin da za ka karɓo ba. Ci ma yana da nasa tarkon. Wanda ya ci 40,000 yakan ce "da kuɗinsu nake bugawa," ya sake jiki, kafin asuba ya mayar musu har da ƙari. Da zarar ta shigo, kuɗinka ce. Ka cire ta a take, ka fitar da ita daga wayar, kada ka bar ko canji a shafin.

Lokaci da hali

Ka lura da sa'o'in da kake faɗawa. Ga mafi yawan mutane ba su da yawa: yammacin Asabar da Lahadi lokacin Firimiya, daren Talata da Laraba na gasar Zakarun Turai da ake farawa ƙarfe 8 ko 9, ranar da alat ɗin albashi ya shigo, da kuma bayan sha ɗayan dare idan gida ya yi tsit. Sai halin da kake ciki: bayan faɗa da iyali, bayan mai bin ka bashi ya kira, ko zaman banza a majalisa. Wanda ya haɗa da ƙwaya ko wani abin maye kuwa, ba shi da sauran birki ko ɗaya.

Kowane ɗaya ka shirya masa tun kafin ya zo. Za ka gidan kallo, tafi da ƙaramar waya mai maɓalli da kuɗin shiga kawai. Yin bet ana tsakiyar wasa, wa zai ci na gaba, bugun kusurwa nawa za a yi, an ƙirƙire shi ne domin mai zafin kai, ka haramta wa kanka shi ko da ba ka bar sauran ba. Da daddare waya ta kwana a caji a wani ɗakin.

Idan sha'awar ta taso, kada ka tsaya gardama da ita, za ta kayar da kai. Ka ɗaga mata ƙafa na minti 20 kawai, ka duba agogo. Cikin minti 20 ɗin ka bar inda kake: yi alwala, taka zuwa wurin mai shayi ba tare da waya ba, kira wani. Sha'awar tana tashi ne ta kai ƙololuwa ta sauka, kamar hadarin da iska ta kora. Ba ta daɗewa a sama idan ba ka ciyar da ita da kallon od ba.

Toshe hanyoyin da suke biyo ka

Goge manhaja kaɗai ba ya isa, ana sake sauke ta cikin minti biyu. Ka fara da rufe asusun kansa. Nemi wurin da ake ware kai daga wasa, ko ka rubuta wa masu kula da abokan hulɗa cewa kana so a rufe asusunka saboda matsalar caca, ka faɗi tsawon lokaci, wata shida ko shekara ko har abada. Ka ambaci dalilin ƙarara, kada ka ce hutu kake so, domin hutu ana buɗe shi da saƙo ɗaya. Cire ragowar kuɗinka tukuna, ka ɗauki hoton saƙon ka ajiye, ka yi haka a duk shafin da ka taɓa rajista, har wanda ka manta da shi. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamban 2024 cewa kula da caca hurumin jihohi ne, ba na dokar tarayya ta 2005 ba, kada ka zaci rufewa a wuri ɗaya za ta rufe maka ko'ina. Kai za ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ka sa manhajar toshewa. BetBlocker kyauta ce, tana toshe dubban shafukan caca, kai kake zaɓar tsawon lokaci, idan kuma ka kunna ba ta yarda ka janye kafin wa'adin ya cika. Gamban ma tana wannan aikin amma ta kuɗi ce. Agogon taƙaita manhaja da ke cikin saitin Tecno, Infinix da sauran wayoyin Android yana taimakawa wajen ganin awa nawa kake ci, sai dai kai ka sa shi, kai kuma za ka iya cire shi, don haka ba katanga ba ce.

Tura STOP zuwa 2442 domin rage saƙonnin talla na layin waya. A saitin tallan Google akwai wurin da za ka ce a rage maka tallan caca. Fita daga duk rukunin Telegram da WhatsApp da ake raba lambar tikiti. Masu sayar da "wasan da aka shirya" dabararsu tsohuwa ce: su ba rabin mutane gida za ta ci, rabi baƙi za su ci, waɗanda tasu ta shigo su dawo su biya ninki. Manhajojin da ke cewa suna hango inda jirgi zai faɗi ƙarya ce zalla, wasu ma bayanan bankinka suke nema. Wanda ya san sakamakon gobe ba zai tsaya roƙon dubu biyunka ba. Bonas kuma ka karanta sharaɗinsa: yawanci sai ka juya kuɗin sau da dama a kan od da suka ƙayyade kafin a bari ka cire. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Littafi da mutum ɗaya

Ɗan caca yana tuna ranar da ya ci dubu tamanin har da rigar da ke jikinsa, amma ba ya tuna dubu bibbiyun da suka tafi cikin wata shida. Buɗe tarihin asusunka na wata uku da suka wuce, ka ɗauki biro da littafin 'yan makaranta, ka ja layi biyu: abin da ka tura, abin da ka ciro. Kada ka duba tarihin shafin bet, na banki za ka duba, shi ne ba ya ado. Haɗa jimla, ka mayar da bambancin zuwa abin da ido ya sani: buhu nawa ne, zangon karatu nawa ne na yaro.

Wannan takardar za ka kai wa mutum ɗaya. Caca a ɓoye take ƙiba. Ka zaɓi wanda kake jin nauyinsa amma ba zai tona ka a majalisa ba: yayanka, kawunka, matarka, limamin unguwa ko fastonku. Ba sai ka yi dogon bayani ba. "Yaya, na shiga harkar bet, ga abin da ta ci min a wata uku. Ina so ka riƙe min katin nan, kuma duk ranar Juma'a ka duba asusuna." Shi kuma wanda aka kawo wa, ya sani cewa faɗa da gori suna mayar da mutum cikin ɓoyo. Kuma kada ya biya masa bashin a dunƙule ya miƙa masa kuɗi a hannu, sau da yawa wannan sabon jari ne. Idan zai taimaka, ya biya mai bin bashin kai tsaye, bayan an rufe asusun.

Mata ma suna ciki, nasu ya fi ɓoyuwa ne kawai, domin ba sa zuwa gidan kallo. Kuɗin adashin da aka ba uwar adashi amana yana cikin waɗanda suke salwanta ta wannan hanya.

Inda dabarar gida ta tsaya

Akwai alamun da ke nuna abin ya wuce a ce mutum ya yi haƙuri ya daure: ka fara ƙarya kan inda kuɗi ya tafi, ka ci bashi ko ka sayar da kaya don ka buga, ka taɓa kuɗin amana, ɗari biyar ta daina yi maka daɗi sai dubu biyar, ka yi yunƙurin bari fiye da sau biyu ka kasa, barci ya ƙaurace, kana salla kana lissafin od. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikin jerin cututtuka, a rukuni ɗaya da sauran nau'o'in kamu, kuma ana maganinsa, galibi ta hanyar zama da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya a gyara tunanin da ke tura mutum. A Bauchi ka nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Gombe kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya. Zuwa can ba ya nufin hauka. Idan kuwa bashi ya kai ka ga tunanin kashe kanka, wannan ba na jiran gobe ba ne: faɗa wa wani a daren, a raka ka asibiti.

Bashin manhajojin ba da rance shi ne ya fi saurin kai mutum bango, saboda wa'adinsa gajere ne, ruwansa mai yawa, wasunsu kuma suna bin lambobin da ke wayarka suna aika wa surukai da abokan aiki saƙon tozarci. Kada ka ci sabo don biyan tsoho. Jera basussukan duka a takarda da adadi da ranar biya, ka fara da mai ruwa mafi tsada, sauran ka same su ido da ido ka nemi a raba maka biya wata-wata. Wanda ya tozarta ka ta hanyar lambobin wayarka ana iya kai ƙararsa hukumar kare masu sayayya ta tarayya, FCCPC, don haka ka adana hotunan saƙonnin.

Idan ka yi wata biyu ba ka taɓa ba sannan ka zame rana ɗaya, kada ka ce tunda an ɓata bari a ƙarasa. A ranar ka kira mai riƙe maka kati ka faɗa masa adadin. Sannan ku zauna ku gano ta inda ta shigo: wayar aboki ce aka ara, sabon asusu ne aka buɗe da lambar ƙani, ko wani tsohon kati ne da ba a miƙa ba. Ku toshe wannan ƙofar kafin Asabar ta zagayo.